TAƘAITACCEN TARIHIN RAYUWAR DOKTA ANDREW PARK STIRRETT, BATURE MAI MAGANI (1865 – 1948)

GABATARWA

 A wannan biki na cikar ekklesiyarmu shekara hamsin, an ga ya dace a sa cikin littafin nan tarihin ɗaya daga cikin bayin Allah da suka riga mu shiga hutu, waɗanda ta wurin wahalarsu Bishara ta iso ƙasar Hausa. Wanda aka zaɓa shi ne Dokta Andrew Park Stirrett na ƙungiyar mishan ta SIM, wanda mutanen zamaninsa suka fi sani da Bature Mai Magani.

Da yawa cikin matasanmu ba su taɓa jin sunansa ba. Duk da haka kowace Lahadi, a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke kewaye, muna karanta Maganar Allah da Hausa, muna raira waƙoƙin yabo da Hausa, kuma wannan mutum yana cikin waɗanda suka yi gumi domin mu sami waɗannan abubuwa biyu. Muna roƙon kowane uba da kowace uwa su karanta wa 'ya'yansu wannan tarihi a gida, domin su san inda aka fito, su kuma san dalilin da ya sa mutum zai bar ƙasarsa da dukiyarsa saboda wata al'umma wadda ba tasa ba.

HAIHUWARSA DA SANA'ARSA

An haifi Andrew Park Stirrett a shekara ta 1865 a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Sunansa na fari shi ne wanda muke kira Andarawus a Hausa, sunan almajirin nan da ya kawo ɗan'uwansa Bitrus wurin Yesu, wanda kuma tare da Filibus ya kai wa Ubangiji roƙon Hellenawan da suke so su gan shi (Yohanna sura 1 da sura 12). Sunan ya bi shi, gama kawo baƙi wurin Yesu shi ne ya zama aikinsa har mutuwa.

Da ya girma ya koyi aikin haɗa magunguna, ya kafa kasuwancin sayar da magani a birnin Toronto. Allah ya sa wa sana'ar albarka, ya sami rufin asiri da dukiya. Bai tsaya nan ba, sai ya shiga karatun likita. Mutum ne wanda a idon duniya ya riga ya zauna da gindinsa, ba abin da ya rage masa sai ya ci gaba da tarawa. A cikin wannan hali ne kiran Allah ya same shi.

WAƊANDA SUKA RIGA SHI

Kafin mu faɗi yadda kiran ya zo, sai mu koma baya kaɗan. A zamanin nan Turawa suna kiran dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamada, tun daga yammacin Afirka har zuwa kogin Nilu, da suna Sudan. Kada a ɗauka ƙasar Sudan ta yau kaɗai ake nufi, gama ƙasar Hausa duka tana ciki. Wata dattijuwa mai bi a Toronto, mahaifiyar Walter Gowans, ita ce ta ɗora wa wani saurayi mai suna Rowland Bingham nawayar waɗannan ƙasashe, inda miliyoyin mutane suke zaune ba mai shaida masu Bishara.

Ranar 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka a Legas, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Waɗanda suka tarar a bakin teku suka gargaɗe su cewa ba za su kai cikin ƙasa da rai ba. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Legas, sauran biyun suka nausa arewa. A shekara ta 1894 Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida shi kaɗai. A 1900 ya sāke gwadawa, ciwo ya sāke mayar da shi. Sai a karo na uku ne wata ƙungiya ta mutum huɗu ta kai Patigi a bakin kogin Kwara, a ƙasar Nufe, a 1902, aka kafa tashar mishan ta fari. Ko su ma ciwo bai bar su ba, cikin ɗan lokaci A. W. Banfield ne kaɗai ya rage a cikinsu.

KIRANSA

Bingham ya rubuta wata 'yar ƙasida a kan nawayar Sudan, wadda aka rarraba a Kanada. Ƙasidar nan ta shiga hannun Stirrett, ya karanta, daga nan zuciyarsa ba ta ƙara samun sukuni a kantin magani ba. Shekarunsa wajen 37 a lokacin, shekarun da masu aiken mishan suke ganin sun yi yawa ga wanda zai fara koyon sabon harshe a ƙasa mai zafi. Kuma ya san sarai abin da ya sami Gowans da Kent.

Stirrett ya sallama kasuwancinsa, ya danƙa dukiyarsa a hannun mishan domin aikin Bishara, ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar shanu zuwa Ingila. A can ya ƙara ilimi a kan cututtukan ƙasashe masu zafi, sa'an nan ya wuce zuwa Nijeriya, ya isa Patigi a ƙarshen 1902. A cikin Markus sura 10 mun karanta labarin mai arziki wanda Yesu ya ce masa ya sayar da abin da yake da shi ya bi shi, ya tafi yana baƙin ciki domin dukiyarsa da yawa take. Stirrett ya ji irin wannan kira, shi kuwa ya amsa. Bai taɓa yin aure ba. Tun daga wannan shekara har ƙarshen ransa, shekara 46, Nijeriya ce ta zama gidansa.

A ZANGON FATAKE

Ko da yake a ƙasar Nufe ya fara, zuciyarsa tana wurin Hausawa. Ya duƙufa a kan koyon Hausa, kuma da aka buɗe tashar Wushishi a 1904, kusa da Zungeru inda hedkwatar gwamnatin Turawa take a lokacin, a can ya sami ƙofar da yake nema.

Ya kamata mu fahimci halin da ake ciki. Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Saboda wannan alkawari, shekaru da yawa ba a yarda 'yan mishan su zauna ko su yi wa'azi a manyan ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Lardin Sakkwato, wanda ƙasarmu ta Zamfara take cikinsa, a rufe yake gare su. Kada mu yi tsammani cewa da yake mai mulki Bature ne mai wa'azi kuma Bature, sai hanya ta buɗe masa. Sau da yawa jami'an gwamnati ne suke tare hanyar.

Amma Bahaushe ba mazauni ba ne. Fatake suna fita daga ƙasashen Hausa da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su bi kudu da yamma har Gwanja, su komo da goro. Duk inda dare ya yi masu sai su sauka a zango. Stirrett ya ga cewa idan an hana shi zuwa garuruwansu, ba a hana su zuwa inda yake ba. Saboda haka da la'asar sakaliya, sa'ad da aka sauke kaya aka ɗaure dabbobi, sai ya shiga zango, ya gaisa da madugu, ya nemi izini, ya buɗe manyan hotunansa na labarun Littafi Mai Tsarki waɗanda ake naɗewa kamar tabarma, ya yi masu bayani da Hausa. Gari na wayewa ayari ya tashi, wani ya sauka, shi kuma ya sāke komowa. Yawancin waɗanda suka saurare shi bai ƙara ganinsu ba. Ya dogara ga cewa iri ne yake zubawa, kuma fatake za su kai labarin inda ƙafarsa ba ta da ikon takawa.

A cikin waɗannan shekaru aikin SIM ya yi ta yaɗuwa a wuraren da aka yarda masu: Egbe a 1908, Kwoi a 1910, Kaltungo a 1917, da wasu wurare da dama. Stirrett ya yi tafiye-tafiye masu nisa, mafi yawa a ƙasa, yana duba sababbin wurare, yana ƙarfafa sababbin ma'aikata.

MAI MAGANI

Sunan da Hausawa suka laƙaba masa ba a banza ba ne. Duk inda ya sauka masu gyambo da masu ciwon ido da masu zazzaɓi sukan taru, yakan duba su, ba ya tambayar addinin mutum ko kabilarsa kafin ya ba shi magani.

Ya kuma yi wa 'yan'uwansa ma'aikata babban taimako. A 1897 ne aka tabbatar cewa sauro ne yake kawo zazzaɓin da ya yi ta kashe Turawa a yammacin Afirka. Stirrett ya tsaya tsayin daka cewa kowane ma'aikaci ya sha kwinin kullum, ya kwana cikin gidan sauro. Wannan horo ya rage mace-mace ƙwarai, har waɗanda suka zo suka iya daɗewa su koyi harshe su kafa aiki. Ya kuma rubuta littafi a kan maganin cututtukan yammacin Afirka domin ma'aikatan da suke zaune a ƙauyuka nesa da likita. Bangaskiyarsa ba ta sa ya rena magani ba, ilimin maganinsa kuma bai rage masa addu'a ba. Wannan darasi ne ga waɗansunmu da suke ganin zuwa asibiti rashin bangaskiya ne.

LITTAFI MAI TSARKI DA LITTAFIN WAƘOƘI

Tun kafin zamaninsa an fara juya Maganar Allah zuwa Hausa. Rabaran J. F. Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ta CMS, ya yi wannan aiki a Ingila da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu, har aka buga Sabon Alkawari a 1880. Daga baya Dokta Walter Miller na CMS, wanda ya zo Kano tare da Bishop Tugwell a 1900, Sarki Alu ya sallame su, ya kuma zauna a Zariya tun daga 1905, shi ne ya ɗauki nauyin sabuwar fassara tare da malamai Hausawa da suka zauna da shi suna auna kowace kalma. Aka kafa kwamiti na ƙungiyoyin mishan dabam dabam domin duba aikin, Stirrett kuwa yana cikin waɗanda suka ba da shekaru a kansa. A shekara ta 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wannan ita ce tsohuwar fassara wadda dattawanmu suka haddace ayoyinta, kafin sabuwar fassara ta fito a 1979.

Haka kuma ya sa hannu wajen shirya waƙoƙin sujada da Hausa, waɗanda suka shiga Littafin Waƙoƙi da ekklesiyoyin arewa suke amfani da shi. Ya gane cewa mutumin da bai iya karatu ba yana iya riƙe waƙa, kuma abin da uwa take rairawa a bakin murhu shi ne yaro yake tashi da shi.

A nan akwai wani abin al'ajabi cikin shirin Allah. Stirrett ya yi wannan wahala domin Hausawa, amma waɗanda suka fara cin moriyarta da yawa su ne sauran kabilun arewa: Gbagyi, Jaba, Kagoro, Tangale, Birom, Angas, da wasu masu ɗimbin yawa. Kowace kabila da harshenta, amma Hausa ce harshen kasuwa da ya haɗa su. Kamar yadda harshen Hellenanci ya zama gada ga manzanni a daular Roma, haka Hausa ta zama gada ga Bishara a arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar. Shi ya sa yau a majami'armu mutanen kabilu da yawa suke zama a benci ɗaya, suna buɗe littafi ɗaya.

TUSHEN AIKINSA CIKIN MAGANAR ALLAH

Wani zai tambaya, me ya sa mutum mai hankali zai yi abin da Stirrett ya yi? Amsar tana cikin littafin da ya taimaka aka juya mana, tun daga farkonsa har ƙarshensa.

A cikin Farawa sura 12, sa'ad da Allah ya kira Ibrahim ya bar ƙasarsa da danginsa, ya yi masa alkawari cewa albarkar da zai sa masa za ta kai ga dukan kabilan duniya. Ashe tun ran da aka zaɓi Isra'ila, da mu aka yi shirin. Rahab mutuniyar Yariko da Rut mutuniyar Mowab baƙi ne, amma ga sunayensu cikin asalin Yesu a Matta sura 1. Ran da Sulemanu ya keɓe haikali, ya roƙi Allah ya ji addu'ar baƙon da zai zo daga nesa (1 Sarakuna sura 8). Zabura ta 67 da ta 96 da ta 117 suna kiran al'ummai duka su zo su yi yabo. Annabi Ishaya ya nuna cewa aikin Bawan Ubangiji ya fi ƙarfin Isra'ila kaɗai, haskensa zai kai iyakar duniya (sura 49), kuma gidan Allah wurin addu'a ne ga kowace al'umma (sura 56). Yunana ya ƙi zuwa Nineba domin mutanenta abokan gāban ƙasarsa ne, Allah kuwa ya koya masa cewa jinƙansa ya kai har can.

A Sabon Alkawari abin ya fito fili. Bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya umarci almajiransa su tafi wurin dukan al'ummai, su yi masu baftisma, su koya masu, ya kuma yi alkawarin kasancewa tare da su (Matta 28:18-20). Ran Fentikos, mutanen da suka taru a Urushalima, har da na Masar da na Libiya da Larabawa, kowa ya ji ayyukan Allah da harshen da aka haife shi a ciki (Ayyukan Manzanni sura 2). Ruhu Mai Tsarki bai tilasta masu su koyi Ibrananci tukuna ba. Wannan shi ne hujjar fassara. Mutumin Habasha ya karɓi baftisma a hanyar Gaza tun kafin Bulus ya ƙetare zuwa Turai (sura 8), saboda haka wanda ya ce bangaskiyarmu addinin Bature ce bai karanta da kyau ba. A taron Urushalima manzanni suka yanke cewa ba sai mutum ya zama Bayahude kafin ya zama na Kristi ba (sura 15). Haka nan ba sai Bahaushe ya daina zama Bahaushe ba, ba sai Bafulatani ya bar Fulatancinsa ba.

Bulus ya yi tambaya a Romawa sura 10, yadda mutane za su ba da gaskiya ga wanda ba su ji labarinsa ba, da yadda za su ji in ba a aiki kowa ba. A Ru'ya ta Yohanna sura 7 kuma aka nuna mana ƙarshen al'amarin, taro mai yawa wanda ba ya ƙidayuwa, daga kowace kabila da kowane harshe, suna tsaye gaban kursiyi suna yabo. Aikin mishan hanya ce, sujadar al'ummai duka ita ce masauki. Mai wa'azi a zango da mai shirya waƙa aiki ɗaya suke yi, kuma Stirrett ya yi duka biyu.

SHEKARUNSA NA ƘARSHE DA RASUWARSA

A 1923 hedkwatar SIM ta koma Jos, garin da haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina, har da Hausawa masu yawa. A can Stirrett ya yi shekarunsa na ƙarshe. Kasuwar Jos ta zama zangonsa. Yakan tafi can da hotunansa, ya hau kan wani dutse domin a gan shi, gama shi ba dogo ba ne, ya yi wa'azi ga duk wanda ya tsaya. An ƙiyasta cewa a tsawon hidimarsa ya yi wa'azi kimanin sau 20,000. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa tun kafin asuba yake tashi domin addu'a, kuma rayuwarsa mai sauƙi ce ƙwarai.

Allah ya ba shi tsawon rai har ya ga an fara buɗe ƙofofin da ya daɗe yana addu'a a kansu. SIM ta shiga Damagaram a 1924, ta kafa aiki a Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920. A shekarun 1930 gwamnati ta sassauta dokarta, aka sami wurin zama a Kano, kuma wajen 1937 aka danƙa wa mishan kula da asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda mutanen ƙasarmu da yawa, Musulmi da Kirista, suka sami lafiyar idonsu a cikinsa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, Stirrett bai ga taron Hausawa masu yawa sun karɓi Bishara a zamaninsa ba. Kaɗan ne, ɗaya nan ɗaya can. Bai karaya ba, bai kuma nemi komawa gida ba. Ranar 9 ga Yuli, 1948, ya huta cikin Ubangiji a garin Jos, yana da shekara fiye da 80. Rowland Bingham ya riga shi da shekara shida, a 1942.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Wajen lokacin rasuwarsa, masu bi 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda yau muka sani da EMS. A 1954 ekklesiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma mishan ta miƙa ragamar aikin ga ekklesiya. A farkon shekarun 1960 aka fara Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fitar da masu bi daga majami'u zuwa ƙauyuka. Zumuntar Mata da 'yan Sabon Rai suka kawo tulu da ganga da muryoyin waƙa irin namu cikin sujada, suka ƙara a kan waƙoƙin da 'yan mishan suka bari, yawancinsu masu muryar Turai. Daga baya kuma dubban Maguzawa a ƙasar Kano da Katsina, Hausawa na asali, suka karɓi Bishara. Abin da tsohon ya roƙa bai gani ba, jikokinsa cikin bangaskiya sun gani.

A nan ƙasarmu, layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan ne kuwa ƙarshensa. Jirgin da ya zo ɗaukar gyaɗa da auduga ya kawo ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, daga baya malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda suka biyo, da yawansu masu bi ne. Kamar yadda Bishara ta bi ayarin fatake a zamanin Stirrett, haka ta bi jirgi da mota zuwa Ƙaura, ta bi hanyar kasuwa zuwa Shinkafi da Zurmi. Littafin 1932 da Littafin Waƙoƙi su ne suka haɗa waɗannan baƙi da 'yan ƙasa a sujada ɗaya.

ABIN DA TARIHIN NAN YAKE NEMA DAGA GARE MU

Littafin Firistoci sura 25 ya nuna cewa shekara ta hamsin shekarar busa ƙaho ce, ta 'yantar da bayi da mayar wa kowa gādonsa. Jubili ba cin shinkafa da ɗinka anko kaɗai ba ne, lokaci ne na lissafi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mun karɓi Bishara kyauta daga hannun waɗanda suka biya da ransu, saboda haka akwai bashi a wuyanmu.

Na fari, kada mu mai da ekklesiyar nan ta zama ƙungiyar 'yan gari ɗaya ko kabila ɗaya. Duk wanda ya shigo ƙofar nan, ko daga ina ya fito, ɗan gida ne. 'Yan'uwanmu Hausawa da Fulani masu bi, waɗanda sau da yawa danginsu suke ƙi, mu kuma wani lokaci muke yi masu kallon baƙi, su ne amsar addu'ar Stirrett. Mu riƙe su hannu biyu.

Na biyu, mu riƙe harshen sujadarmu. Turanci yana da amfani, amma kada 'ya'yanmu su tashi ba su iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ba, gama da wannan harshe ne za su yi magana da maƙwabtansu.

Na uku, mu lura da yadda ya yi shaida. Ya gaisa, ya nemi izini, ya ba da magani, ya faɗi abin da ya gaskata ba tare da zagi ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka kuma fara aiki da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, muna zaune 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muna gaisuwar mutuwa da ta suna. Bitrus ya gargaɗe mu mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15). Halinmu a wurin aiki da gaskiyarmu a ma'auni su ne hotunan da za su fara gani.

Na huɗu, dukanmu mun san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa ƙasar nan fiye da shekara goma. An kashe mutane, an sace wasu, gonaki sun zama kufai, hanyoyin Shinkafi da Zurmi sun zama abin tsoro, kuma masifar ba ta bar Musulmi ko Kirista ba, manomi ko makiyayi. Waɗansu iyalanmu sun ƙaura, ba kuwa mai ganin laifinsu. Amma mu da muka rage, kada mu bar zuciyarmu ta zama irin ta Yunana. Mu yi addu'a domin waɗanda aka zalunta, mu taimaki 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba, mu kuma roƙi Allah ya juyo da zukatan waɗanda suke cikin daji, gama su ma suna cikin al'umman da aka aike mu wurinsu.

Na biyar, mu tallafi masu bishararmu na ƙauye da baiko da hatsi da ziyara, gama zumunta a ƙafa take. Iyaye kuma kada su hana ɗan da Allah ya kira. Da mahaifiyar Gowans ta riƙe ɗanta, da tarihin nan ya zama dabam.

KAMMALAWA

Dokta Stirrett bai bar 'ya'ya na jiki ba, bai bar gida ko gona ba. Abin da ya bari yana hannunmu kowace Lahadi. Bulus ya ce wani yakan dasa, wani ya yi ban ruwa, amma girma daga Allah yake zuwa. Addu'armu ita ce, sa'ad da waɗanda za su zo bayanmu za su yi bikin shekara ɗari, su tarar fitilar nan tana ci a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, su kuma sami sunayen waɗanda ekklesiyar nan ta aika zuwa wasu al'ummai.

Ubangiji ya ba mu alherin yin haka, domin ɗaukakar sunansa. Amin.